Japan Rail Pass a lokacin furen sakura: wa zai ci riba, wa zai yi asarar kuɗinsa

Japan Rail Pass tikiti ne guda ɗaya da kamfanonin jirgin ƙasa na JR (Japan Railways) suke sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido, wanda yake ba mutum damar shiga mafi yawan jiragen ƙasansu yadda ya ga dama na kwana 7, 14 ko 21 a jere. A da ba a ma tsayawa lissafi, saya kawai ake yi, domin na kwana 7 yen 29,650 ne, kusan daidai da kuɗin zuwa Kyoto daga Tokyo da dawowa. A watan Oktoba 2023 aka ɗaga farashin da ƙarfi: na kwana 7 ya koma yen 50,000, na kwana 14 yen 80,000, na kwana 21 yen 100,000. Na taragon alfarma da suke kira Green kuma ya koma 70,000, 110,000 da 140,000. Yara daga shekara 6 zuwa 11 rabin kuɗi ne. A duba farashi kafin a biya, domin yana iya motsawa.

Hukuncinmu a kansa bai da kwana-kwana. Wanda tafiyarsa ba ta wuce Tokyo, Kyoto da Osaka ba, kada ya saya. Wanda ya je Japan don ya ga sakura, furen bishiyar cherry ta Japan da ke buɗewa a bazara, a cike, kuma ya shirya ya bi ta duk inda ta buɗe, musamman zuwa arewa, da wuya ya sami abin da ya fi wannan tikiti amfani. Dalilin yana cikin halin furen ne, ba cikin jirgin ba.

Mafi yawan bishiyoyin da ake zuwa kallo irin Somei Yoshino ne. Ba daga iri ake shuka su ba, aure ake yi musu da reshe, saboda haka duk asalinsu ɗaya ne kuma na gari ɗaya kusan tare suke buɗewa, tare kuma suke zubarwa. Hukumar yanayi ta Japan tana da bishiyar gwaji a kowane babban gari. Ta Tokyo tana harabar wurin ibadar Yasukuni. Ranar da jami'i ya ƙirga fure biyar ko shida a jikinta sai a sanar cewa fure ya fara, su ce kaika. Idan kashi 80 cikin ɗari na tohon ya buɗe, an kai cika ke nan, mankai. Ana bin wannan sanarwa a talabijin kamar yadda ake bin labarin ganin wata. Tsakanin farawa da cika kimanin mako guda ne, daga cika zuwa zubewa wani makon, idan ba a yi ruwa mai iska ba. Idan an yi, kwana uku ma sun isa su tafi da rabin furen.

A matsakaici, Fukuoka tana farawa wajen 22 ga Maris, Tokyo 24 ga Maris, Kyoto 26 ga Maris, Kanazawa 3 ga Afrilu, Sendai 8 ga Afrilu, Aomori 22 ga Afrilu, Sapporo 1 ga Mayu. Amma matsakaici ba alkawari ba ne. A 2023 Tokyo ta fara ranar 14 ga Maris, a 2024 kuwa sai 29 ga Maris. Tazarar mako biyu ke nan, ga fure mai kwana goma sha wani abu a duniya. Abin da yake jawo haka: toho yana buƙatar sanyi sosai a hunturu kafin ya farka, sannan ɗumin Fabrairu da Maris ya tura shi. Hunturu mara sanyi yana jinkirta farkawar, Maris mai sanyi kuma ya ƙara riƙe shi. Masu bin lamarin suna da ƙiyasin hannu: a riƙa tara zafin rana mafi yawa na kowace rana daga 1 ga Fabrairu, idan jimla ta kusa 600 to fure ya kusa. Hasashen da kamfanoni irin su Weathernews da Japan Weather Association suke fitarwa tun Janairu ko Fabrairu ba ya zama abin dogaro sai saura kwana goma ko ƙasa da haka. Shi kuwa tikitin jirgin sama da biza, watanni kafin nan aka gama da su.

Nan ne tikitin JR yake nuna amfaninsa. Wanda ya sauka Tokyo ya tarar an zubar, awa ɗaya da rabi a jirgin Hayabusa zai kai shi Sendai, inda ake bayan Tokyo da kimanin mako biyu. Wanda ya tarar ba a buɗe ba, ya yi yamma ko ya jira, yana duba hasashe kowace safiya. Canza hanya ba ya cin ko yen ɗaya, kuma kama kujera kyauta ne.

Ga lissafin, da ƙiyasin farashin tikitin ɗai-ɗai mai kujera. Tokyo zuwa Kyoto kusan yen 14,000, zuwa da dawowa 28,000. Mai tikitin kwana 7 ya yi asarar sama da 20,000. Idan aka ƙara Hiroshima, wato Tokyo, Kyoto, Hiroshima, sannan a dawo Tokyo, jimla tana kai wa wajen 44,000. A haɗa da Narita Express, jirgin ƙasan da ke shiga Tokyo daga filin jirgin sama na Narita, kimanin 3,000, da jirgin ruwan JR na tsibirin Miyajima da ƙananan jirage, sai a tashi kusan canjaras. Riba tana fara fitowa ne idan aka ɗora tafiya mai nisa ta biyu a cikin makon, kamar Sendai, wadda zuwa da dawowa ya haura 22,000. Tokyo zuwa Shin-Hakodate-Hokuto a Hokkaido kuwa, tafiyar kimanin awa huɗu, ya haura 23,000 hanya ɗaya, don haka zuwa da dawowa kaɗai ya kusa cinye kuɗin tikitin, duk tsayawar da aka yi a hanya kuma ta zama ƙari.

Akwai tikitocin yanki da sau da yawa suke kayar da na ƙasa baki ɗaya. Kansai-Hiroshima Area Pass na kwana 5 an sa shi yen 17,000 a 2023, kuma yana ba da damar shiga jirgi mafi sauri tsakanin Shin-Osaka da Hiroshima. JR East, kamfanin JR na gabashin ƙasar, ma tana da nata na arewa maso gabas. Wanda zai zauna a ɓangare ɗaya na ƙasar ya fara duba waɗannan.

Sharaɗin saye guda ne mai tsauri: dole fasfo ya nuna cewa an shiga ƙasar a matsayin baƙo na ɗan lokaci, Temporary Visitor kamar yadda ake rubutawa a takardar da jami'in shige da fice yake mannawa. Ɗan Nijeriya ko Nijar ko Ghana da ya karɓi bizar ziyara ta ɗan gajeren zama yana cikin wannan rukuni. Ɗalibi, ma'aikaci da mai izinin zama ba sa ciki. Ainihin fasfon ake nunawa, ba a karɓar kwafi. Hanyar saye biyu ce. Ko dai a saya a wajen dillali a karɓi takardar musaya, wadda dole a canza ta a Japan cikin wata uku daga ranar da aka fitar da ita, ko a saya a shafin intanet na JR kai tsaye. A lokacin sakura ta biyun ta fi, saboda tana ba da damar kama kujeru ta intanet tun kafin a taso daga gida. Ana buɗe kujeru wata guda kafin ranar tafiya. Mai takardar dillali ba zai iya kama komai ba sai ya sauka ya bi layin musaya, kuma layin ofishin JR na filin jirgin Narita a ƙarshen Maris yana iya cin awa guda. Ba dole ba ne a yi musayar a nan. Manyan tashoshin cikin gari suna yi.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne ranar farawa. A wajen musaya ake zaɓar ta (mai saye ta intanet kuwa a lokacin sayen), tana iya zama kowace rana cikin wata guda mai zuwa, kuma da zarar an buga ba a canzawa. Kwanakin na kalanda ne, ba na awa 24 ba. Wanda ya fara amfani da shi ƙarfe tara na dare don shiga gari daga filin jirgi ya ƙone kwana ɗaya cur, sama da yen 7,000, a kan tafiyar 3,000. Abin da ya dace shi ne a yi kwanakin Tokyo da katin Suica ko Pasmo, katunan da ake zuba wa kuɗi ana biyan jirgi da bas da su, sannan a sa tikitin ya fara ranar doguwar tafiya ta farko. Shi kansa tikitin ɗan kati ne na takarda mai kauri da ake zurawa a ƙofar na'ura ya fito ta ɗaya gefen. A tuna a ɗauke shi. Idan ya ɓace ba a sake bugawa, kuma idan ranar farawa ta shigo ba a mayar da kuɗi. Wannan babban aibi ne ga abu mai wannan tsada.

Aibi na biyu ya fi zafi. A layin Tokyo zuwa Osaka da Hakata, tikitin ba ya ɗaukar Nozomi da Mizuho, jiragen da suka fi sauri kuma suka fi yawa. Nozomi yana kai wa Kyoto cikin kimanin awa biyu da kwata, kuma a lokacin cunkoso yana iya tashi sau goma sha biyu a awa guda. Mai tikitin JR Hikari ne nasa, awa biyu da minti arba'in, amma kusan biyu kacal a awa. Minti ashirin da biyar ba komai ba ne. Ƙarancin jiragen ne matsalar, domin duk baƙi masu irin tikitin nan a cikin Hikari suke taruwa, a daidai lokacin hutun makarantu da ƙaurar ma'aikata, tunda shekarar aiki da ta karatu a Japan Afrilu take farawa. Tun 2023 an yarda a sayi ƙarin tikiti don shiga Nozomi, yen 4,960 daga Tokyo zuwa Kyoto, amma biyan wannan sau biyu yana rushe duk lissafin riba. Kodama kuwa, mai tsayawa a kowace tasha, yana kusan awa huɗu. Mai zuwa Hiroshima zai sauya daga Hikari zuwa jirgin da ake kira Sakura. A yi sauyin a Shin-Kobe idan jadawali ya ba da dama, domin a dandamali ɗaya ake sauka a hau, ba hawa bene da kaya kamar a Shin-Osaka. A nemi kujera E a taragon gama-gari, ita ce ta gefen tagar da ake ganin dutsen Fuji, kimanin minti 40 zuwa 45 bayan barin Tokyo, zuwa da dawowa duka.

Sannan akwai wuraren sakura da suka fi shahara waɗanda ba sa kan layin JR ko kaɗan. Dutsen Yoshino a jihar Nara, mai bishiyoyi kusan 30,000 da suke buɗewa hawa-hawa daga gindin dutse zuwa samansa, inda Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan a lokacin, ya yi gagarumin zaman kallon fure a 1594, jirgin kamfanin Kintetsu ne yake zuwa. JR tana kai mutum Yoshinoguchi ne kawai, sauran a biya. Hasumiyar Chureito da ake ɗaukar hotonta da Fuji a baya, daga Otsuki layin wani kamfani ne. Kawazu, mai furen wuri na Fabrairu, daga Ito sai an yi ciko. A cikin Kyoto JR tana kai wa Saga-Arashiyama da Inari, amma lambun Maruyama da hanyar bakin magudanar ruwa ta kusa da wurin ibadar Ginkakuji sai bas ko wani jirgin. A Tokyo ya fi amfani: layin zobe na Yamanote yana bi ta Ueno, Meguro da Shinjuku, layin Keihin-Tohoku kuma yana tsayawa a Oji, gindin tudun Asukayama da Tokugawa Yoshimune, mai mulkin ƙasar a lokacin, ya sa aka dasa wa sakura a wajen 1720 don talakawa su sami wurin shaƙatawa. Himeji ma ta dace sosai, Hikari yana tsayawa, kuma daga bakin tasha ana hango farar fadar a ƙarshen titi, tafiyar ƙafa ta minti 15 zuwa 20.

Inda tikitin ya fi burge mu shi ne arewa, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu. A Fukushima akwai Miharu Takizakura, bishiya ɗaya tilo mai rassa masu zubowa ƙasa wadda aka ƙiyasta ta haura shekara dubu, ana zuwa ta Koriyama. Kakunodate, tsohuwar unguwar samurai mai baƙaƙen shingayen katako da sakura mai sunkuyowa a kansu, awa uku ce daga Tokyo a jirgin Komachi. Sai Hirosaki, wadda a ganinmu babu kamarta a ƙasar: Hayabusa daga Tokyo zuwa Shin-Aomori, awa uku da 'yan mintuna, sannan ƙaramin jirgi na kimanin minti 40. Lambun fadar yana da bishiyoyi kusan 2,600, kuma masu kula da su sun ɗauko dabarar sassabe reshe daga manoman tufa na yankin, shi ya sa furen yake cunkushewa a reshe fiye da na sauran wurare. Kwana biyu ko uku bayan cika, furen da ya zube yakan rufe ruwan ganuwar waje ruf, har ba a ganin ruwan, sai shimfiɗa mai launin hoda tana motsi a hankali idan iska ta kaɗa. Suna kiran wannan hanaikada. Wanda ya makara da kwana uku a Hirosaki bai yi asara ba. Daga nan a tsallaka ta ramin Seikan na ƙarƙashin teku zuwa Hakodate, inda ganuwar Goryokaku mai siffar tauraro take cika a ƙarshen Afrilu.

Abu biyu suke kayar da mutane a wannan layi. Hayabusa da Komachi ba su da taragon da ake shiga ba tare da kama kujera ba, dole a je ofishin tikiti mai koren tambari ko na'ura a karɓi takardar kujera. Na'urar tana neman a nuna mata lambar QR ta jikin tikitin a kuma shigar da lambar fasfo. Na biyu, jiragen nan biyu a haɗe suke barin Tokyo, Hayabusa kore, Komachi ja, sai a Morioka a raba su, ɗaya ya yi Aomori ɗaya ya yi Akita. Babu ƙofa tsakaninsu daga ciki. Komachi taragu 11 zuwa 17 ne. A duba lambar tarago a ƙasan dandamali kafin jirgi ya iso, domin a tashoshin hanya tsayuwarsa ba ta wuce minti ɗaya ko biyu. Kuma furen arewa yana karo da hutun Golden Week, 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, lokacin da 'yan ƙasar kansu suke tafiya. A waɗannan kwanaki kujera tana ƙarewa tun da wuri, kuma 'yancin canza hanya da ake sayen tikitin dominsa yana raguwa ƙwarai.

Batun kaya ya shafe mu sosai, mu masu tafiya da manyan akwatuna. A layukan Tokaido, Sanyo da Kyushu, akwatin da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa suka haura santimita 160 a haɗe sai an kama masa kujera mai wurin kaya, galibi layin ƙarshe na tarago. Kamawar kyauta ce, amma wanda ya shiga ba tare da ita ba zai biya yen 1,000. Abin da ya haura santimita 250 ba ya shiga sam. Waɗannan kujeru kaɗan ne kuma su suke fara ƙarewa. Mafita mai kyau ita ce a aika akwatin ta kamfanin kai kaya irin Yamato, mai tambarin baƙar kyanwa. Otal yana cike takardar, yen 2,000 zuwa 3,000, gobe ya isa masauki na gaba. Kada a dogara da akwatunan ajiya na tashar Kyoto, manyan cikinsu kafin hantsi sun cika.

Abinci a saya kafin a shiga, domin an daina zagayawa da keken sayar da abinci a jiragen Tokaido tun ƙarshen Oktoba 2023. Tashoshi suna cike da ekiben, abincin tafiya a ɗan akwati, kuma a wannan lokaci ana fitar da na bazara mai shinkafa da tohon gora. Musulmi ya yi hattara. Ban da naman alade, yawancin miya da romon dahuwa ana sa musu mirin ko sake, dukansu giyar shinkafa ce, har a na kifi da na ganye. Manhajar fassara ta kyamara tana karanta jerin kayan haɗi da ke bayan akwatin. Akwai ɗakin salla a tashar Tokyo ta ɓangaren Marunouchi ta arewa, da kuma a filayen jirgin Narita, Haneda da Kansai. A ƙananan garuruwan arewa ba kasafai ake samu ba, a tafi da ƙaramar darduma.

Shi zaman kallon furen, hanami, ba ya bukatar tikitin kowa. A Ueno za a ga shuɗayen ledoji a shimfiɗe a gindin bishiyoyi tun safe, wani lokaci da mutum ɗaya zaune yana tsare wa abokan aikinsa wuri, takalma jere a bakin leda domin ba a taka ta da takalmi. Ana cin hanami dango, ƙwallayen garin shinkafa uku a tsinke, hoda da fari da kore, da sakura mochi, mai zaƙin jan wake a ciki, naɗe da ganyen sakura da aka jiƙa a gishiri, kuma ganyen ma ana ci. Ba a karya reshe, ba a girgiza shi don hoto, ba a shimfiɗa a kan saiwa, shara kuma mai ita yake tafiya da ita. Da yamma Ueno wurin shan giya ne da hayaniya. Mai iyali ya nufi lambun Shinjuku Gyoen, yen 500 kuɗin shiga, an hana shiga da giya kuma ana duba jaka a ƙofa. Yana da ire-iren sakura da yawa, ciki har da masu fure ninki-ninki da suke kai wa tsakiyar Afrilu. A ranakun ƙarshen mako na ganiyar fure akan nemi a yi rajistar shiga ta intanet tun da wuri. A tafi da rigar sanyi ta gaske, domin da dare a ƙarshen Maris zafin Tokyo yana sauka zuwa digiri 5 ko 6, ƙasa kuma sanyi take ratsa leda. Mai atishawa ya tanadi magani da takunkumi, ƙurar furen itacen sugi tana da yawa daga Fabrairu zuwa Afrilu.

Idan kwanakin tikitin sun faɗa tsakiyar Afrilu, bikin bazara na Takayama ranakun 14 da 15 ne kowace shekara, da manyan kekunan katako goma sha biyu masu sassaƙa da ado, kuma jirgin Hida daga Nagoya, kimanin awa biyu da rabi, yana cikin tikitin. Idan ana ruwa ba a fito da kekunan, ana buɗe ƙofofin rumbunansu ne a leƙa. A ƙarshen Afrilu kuma furen wisteria na Ashikaga Flower Park yana da tashar JR a bakin ƙofarsa.

Abin da tikitin ba zai iya gyarawa ba shi ne masauki. Jirgi ana canza shi da safe, amma ɗaki a Kyoto a makon farko na Afrilu ko a Hirosaki a ƙarshen wata watanni kafin nan ake kama shi, kuma farashinsa yakan ninka. Dabarar da take aiki ita ce a kama masauki a garin da layuka suka haɗu, a riƙa fita da safe ana dawowa da dare. Daga Osaka ana kai wa Kyoto, Nara, Himeji da Okayama. Daga Sendai ko Morioka ana kai wa Koriyama, Kitakami, Kakunodate da Hirosaki. A zaɓi ɗakin da ake iya sokewa kyauta, a kama biyu a yankuna biyu, sannan a saki ɗaya idan hasashen kwana goma ya fito.